Yawon tarihi a bas daga Atlanta zuwa Alabama: ya ci kuɗinsa, amma akwai gyara

Masu tambayata ko wannan yawon da ake ɗibar mutane a bas daga Atlanta a zaga da su Birmingham da Selma da Montgomery, wuraren tarihin gwagwarmayar baƙaƙen Amurka da wariyar launin fata, ya ci kuɗinsa, amsata ita ce eh ya ci, amma fa ba don bas ɗin ba, ba kuma don otal ko abinci ba, don matar da ta yi mana jagora ne. Kamfanin ba zan kama sunansa ba tunda ina da ƙorafi a kansu, kuma irinsu suna da yawa a Atlanta, kusan duk hanya ɗaya suke bi. Akwai na yini ɗaya akwai na kwana, ni na kwana na biya, kuma tun yanzu ina ba ku shawara kada wanda ya ɗauki na yini ɗaya, don tsakanin Atlanta da Birmingham kaɗai ya haura kilomita 200, in ka haɗa da Selma da Montgomery da komawa to yininka a kujera zai ƙare kana leƙen tarihi ta taga.

Bas ɗin dai ba laifi, akwai sanyi akwai wajen cajin waya, direban dattijo ne mai haƙuri ba ya gudu. Sun raba mana 'yar na'urar da ake saƙalawa a kunne ta yadda ko kana can baya a cikin taro kana jin muryar jagora tar, wannan na yaba musu sosai. A lura agogon Alabama yana bayan na Atlanta da awa ɗaya, wayarka za ta canza da kanta amma na hannu ba zai canza ba, wasu a cikinmu sun rikice a kan lokacin haɗuwa saboda kamfanin bai faɗa ba tun farko.

Jagorar tamu tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, baƙar fata 'yar asalin jihar, kuma abin da ya bambanta ta da sauran da na taɓa ji shi ne ba ta tsaya kan jawabai da sunayen manya kawai ba. Kowa ya san Martin Luther King, kowa ya ga hoton Rosa Parks a zaune a bas. Ita abin da take so ka gane shi ne yadda wariyar take aiki a rayuwar yau da gobe, wace doka ce, wa ke cin riba, nawa ne tara, sannan su waɗanda suka karya ta da wane kuɗi da wace mota da wace takarda suka karya ta. Tun muna kan hanya ta fara karanto mana dokokin birnin Birmingham na wancan zamanin, akwai wadda ta haramta baƙi da fari su buga kati ko dara tare, akwai wadda ta ce gidan abinci ba zai sayar wa jinsin biyu a ɗaki ɗaya ba sai in an gina katanga mai tsayin ƙafa 7 a tsakaninsu kuma kowa da ƙofar shigarsa daga titi. Wallahi jin wannan ya fi min tasiri fiye da a ce min kawai ana nuna wariya, don a nan ne za ka gane wasu sun zauna a ofis da biro da takarda sun auna tsayin katangar. Kuma tushen duk wannan hukuncin kotun ƙoli ne na 1896 a shari'ar Plessy, wanda ya ce raba jinsi halal ne muddin wai abin da aka ba kowa daidai yake, sai a 1954 a shari'ar Brown alƙalai 9 gaba ɗayansu suka rushe wannan a fannin makarantu.

A Anniston mun ɗan tsaya kaɗan, inda a ranar 14 ga Mayun 1961 'yan ta'adda farare suka fasa tayoyin bas ɗin Greyhound da ke ɗauke da matasa baƙaƙe da farare masu gwada ko dokar tarayya na aiki a tashoshin kudu, suka bi ta bayan gari suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Allah Ya sa kowa ya fita da ransa. Ba wani abu mai yawa na gani a wurin, minti kaɗan muka wuce.

Birmingham ce ta fara girgiza ni. Wuraren duk a jere suke, cocin 16th Street Baptist, gidan tarihin kare haƙƙi da ke kallonsa, filin Kelly Ingram, da otal ɗin attajirin nan baƙar fata A.G. Gaston inda su King da Fred Shuttlesworth, limamin cocin da ke jagorantar gwagwarmayar a garin, suka riƙa zama suna tsara abubuwa a 1963. A cikin filin akwai wata 'yar hanya da aka yi bango biyu hagu da dama, karnukan ƙarfe sun ɓullo daga jikin bangon da baki a buɗe, dole ka ratsa ta tsakiyarsu in za ka wuce, kuma an matse wurin da gangan ta yadda haƙoransu na dab da kafaɗarka. Na ga babban mutum ya ɗan karkace jikinsa yana wucewa alhali ya san ƙarfe ne. To yaran da aka sakar wa na gaske a ranar 3 ga Mayun 1963 'yan makaranta ne, wasu ba su wuce firamare ba. Malamar ta yi mana bayanin dalilin da ya sa aka fito da yara, ta ce manya sun ja baya ne don duk wanda aka kama ubangidansa zai kore shi daga aiki washegari, shi kuwa yaro ba shi da aikin da za a kore shi. Ranar 2 ga wata aka kama ɗaruruwansu, gidajen yari suka cika har sai da aka riƙa tsare yara a filin baje koli na jiha, washegari kwamishinan tsaro Bull Connor ya ce a kunna musu mesar 'yan kwana-kwana. Abin da ba a cika faɗa ba kuma ta faɗa shi ne, a daidai lokacin baƙaƙe sun daina sayayya a manyan kantunan tsakiyar gari tun kakar Ista, 'yan kasuwa na ta asara, su ne ma suka zauna aka yi yarjejeniyar 10 ga Mayu kan buɗe teburan cin abinci da ɗakunan gwada kaya da famfon shan ruwa ga kowa, ba 'yan siyasar birnin ba.

Cikin cocin kuwa ban iya magana ba. Safiyar Lahadi 15 ga Satumban 1963, ƙarfe 10:22, bam ɗin da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar ta'addanci ta farare masu ƙin baƙaƙe, suka dasa a ƙarƙashin matakala ya tashi ya kashe 'yan mata 4 da ke ƙasa suna shirin shiga ibada, Addie Mae Collins da Carole Robertson da Cynthia Wesley masu shekara 14, da Denise McNair mai shekara 11. Ƙanwar Addie ta rayu amma ta rasa ido ɗaya. A wannan ranar dai an sake kashe yara maza 2 a garin, Johnny Robinson da Virgil Ware, waɗanda sunansu ba ya yawo kamar na 'yan matan, ita malamar sai da ta tsaya ta ambace su. Sannan duba yadda shari'a ta tafi, na farko cikin waɗanda suka dasa bam ɗin sai 1977 aka yanke masa hukunci, sauran biyun sai 2001 da 2002, kusan shekara 40 suna yawo a gari. Akwai wata taga ta gilashi mai launi a sama da mutanen Wales na Birtaniya suka tara kuɗi suka aiko, ku ɗaga kai ku duba ta in kun shiga, da yawa suna wucewa ba su lura ba.

Yanzu ƙorafina na farko. Tsarin tafiyar ya bi taswira ne bai bi tarihi ba, ka fara da 1961 ka shiga 1963 ka tsallaka 1965 sannan a ƙarshe a kai ka Montgomery a mai da kai 1955, wanda bai san labarin ba tun farko zai ɗauka Rosa Parks ce ta zo ƙarshe alhali da ita aka buɗe. Wata mata da ke kusa da ni ta yi ta tambaya wai ina King ya samu wannan sunan har aka gayyato shi Birmingham, amsar kuma tana can Montgomery da ba mu je ba tukuna. Da kamfanin zai juya tafiyar a fara da Montgomery da ya fi, nisan kusan ɗaya ne. Na biyu otal ɗin da suka sauke mu can bayan gari ne gefen babbar hanya, babu inda mutum zai taka da ƙafa ya je, ga shi a tallarsu sun nuna kamar a tsakiyar gari za a kwana. Ɗakin da tsabta, ban ce komai a kan wannan ba.

Abinci kuma ga 'yan uwa Musulmi a yi hattara. Sun kai mu wani gidan abincin gargajiyar kudu, soyayyar kaza da kifi da burodin masara da ganye da wake, da daɗi ƙwarai, amma a girkin kudancin Amurka sau da yawa da naman alade ake dafa ganyen da waken don ɗanɗano, ba za ka gan shi a rubuce ba sai ka tambaya. Na rubuta musu tun wajen biyan kuɗi cewa ba na ci, ba wanda ya isar da saƙon, ni na tashi na je na tambayi masu kicin da kaina, su kuwa suka yi min bayani da mutunci suka nuna min abin da zan iya ci. Lokacin sallah ma babu shi a jadawali, amma da na yi wa direba magana ya nuna min wuri mai natsuwa kuma bai tashi mota ba sai da na dawo.

Selma ƙaramin gari ne kuma talauci a bayyane yake, shaguna da yawa a rufe, wannan ma wani abu ne da ya tsaya min. A nan malamar ta fi daɗewa, kuma a nan na fi ƙaruwa. Ta tsai da mu gaban kotun gundumar Dallas, wadda Selma ke cikinta, ta ce mu yi layi a gefen titi, sannan ta bi da mu mataki-mataki abin da baƙar fata zai fuskanta in yana son rajistar zaɓe a farkon 1965. Ofishin kwana 2 kawai yake buɗewa a wata. In ka samu shiga za a ba ka fom mai tsawo, a karanto maka wani sashe na tsarin mulki a ce ka rubuta, a yi maka tambayoyi kan gwamnati, kuma magatakardan shi kaɗai ke da ikon cewa ka ci ko ka faɗi. Sai ka kawo wani mai rajista ya tsaya maka shaida, alhali masu rajistar a cikin baƙaƙe ba su da yawa. Ga harajin zaɓe na dala 1.50 a shekara wanda tsarin mulkin Alabama na 1901 ya kawo. Bayan duk wannan kuma mai gonar da kake noma a ciki ko matar gidan da kike wa aiki za su ji labari kafin yamma. Sakamakon shi ne a cikin baƙaƙe wajen 15,000 da suka isa zaɓe a gundumar, 300 da 'yan kai ne kawai ke da rajista. A gundumar Lowndes da ke maƙwabtaka kuwa, inda baƙaƙe suka kai kashi 80 cikin 100, ko mutum ɗaya babu.

Da yake ita malama ce sai ta ba mu labarin tattakin malaman makaranta na 22 ga Janairun 1965, lokacin da malamai fiye da 100 ƙarƙashin F.D. Reese suka yi ado suka jero zuwa wannan kotun, shugaban 'yan sandan gunduma Jim Clark ya riƙa tunkuɗo su daga kan matakala da kulki. Ta ce muhimmancin abin shi ne malamai su ne masu albashin gwamnati, su ne masu abin asara, hukumar makarantu ta farare ce ke iya sallamarsu, don haka da suka fito sai masu aski da masu gyaran gashi da sauran jama'a suka samu ƙwarin gwiwa. Na tambaye ta batun Malcolm X, ta ce eh ya zo Selma a farkon Fabrairun 1965 ya yi magana a cocin Brown Chapel lokacin King na tsare, makonni kaɗan kafin a kashe shi a New York ranar 21 ga watan. Ba ya cikin abin da kamfanin ya tsara a faɗa, sai da na tambaya.

Gadar Edmund Pettus da ƙafa muka haye ta, bibbiyu a gefen masu tafiya kamar yadda mutum wajen 600 suka yi ranar 7 ga Maris 1965 da John Lewis da Hosea Williams a gaba. Gani ya kori ji. Gadar tana da doro a tsakiya, in kana hawowa daga cikin gari ba ka ganin komai a ɗaya ɓangaren sai sama da ƙarafuna, sai ka kai ƙololuwa sannan ƙasa ta buɗe maka, to a daidai nan ne suka hango 'yan sandan jiha sun tare hanya da kulake da abin rufe fuska, ga wasu a kan dawakai, kogin Alabama kuma na can ƙasa da nisa, ba hagu ba dama. Suka ci gaba da tafiya. Aka yi musu dukan kawo wuƙa da barkonon tsohuwa, aka fasa wa Lewis ƙoƙon kai, Amelia Boynton ta suma a kan titi. Abin da ya jawo tattakin ma kisan Jimmie Lee Jackson ne, wanda ɗan sandan jiha ya harba a garin Marion a Fabrairu. Shi kuma wanda gadar ke ɗauke da sunansa janar ne na sojojin kudu a yaƙin basasa, sanata, kuma jigo a Klan, sunan na nan har yau da manyan baƙaƙe.

A nan ta kawo batun talabijin, wanda ni a ganina shi ne mabuɗin fahimtar Amurkar wancan lokacin. A 1950 gidaje ƙalilan ne ke da akwatin, zuwa 1960 kusan 9 cikin 10 na da shi, don haka dukan da a da ake yi a lungu ba mai gani, a daren 7 ga Maris ɗin tashar ABC ta katse shirinta ta nuna wa miliyoyin mutane a falonsu. Ranar 15 ga Maris shugaba Lyndon Johnson ya je gaban majalisa neman dokar 'yancin zaɓe, alƙalin tarayya Frank Johnson ya ba da izinin tattaki, aka tashi ranar 21 aka isa Montgomery ranar 25, mil 54, mutum wajen 25,000 a ranar ƙarshe. A daren nan 'yan Klan suka harbe Viola Liuzzo, farar mata mai 'ya'ya 5 da ta taho daga Detroit tana jigilar masu tattaki. Ranar 6 ga Agusta aka sa hannu a dokar 'yancin zaɓe, wadda ta dakatar da jarrabawar nan ta kuma ba gwamnatin tarayya ikon turo nata jami'an rajista. A 1966 Jim Clark ya faɗi zaɓe, da ƙuri'un mutanen da ya riƙa kora daga layi.

Babban ƙorafina shi ne hanyar Selma zuwa Montgomery, babbar hanya mai lamba 80. Mun ratsa Lowndes ba mu tsaya ba, wai lokaci ya ƙure, alhali mun ɓata kusan awa guda a wani kantin sayar da riguna da kofuna na tsaraba da safe. A Lowndes ne masu gonaki suka kori manoma 'yan haya daga gidajensu saboda sun yi rajista, iyalai suka koma zama a tantuna gefen hanya, wasu har kusan shekara 2, akwai cibiyar tarihi a wurin. A nan ne kuma mutanen ƙauye da matasan 'yan gwagwarmaya su Stokely Carmichael suka kafa jam'iyyarsu ta gunduma mai alamar baƙar damisa, alamar da daga baya ƙungiyar Black Panther ta ɗauka a California. Malamar kanta na ga ranta bai so ba, ta taga ta riƙa nuna mana tana bayani da sauri.

Montgomery kuwa ita ce ta biya ni kuɗina. Daga dandalin Court Square, inda a da ake cinikin bayi kuma inda Rosa Parks ta hau bas ranar 1 ga Disamban 1955, in ka miƙe titin Dexter za ka wuce ɗan cocin jan bulo da King ya yi limanci yana ɗan shekara 26 lokacin da baƙaƙe suka fara ƙaurace wa bas-bas ɗin garin, gaba kaɗan sai ginin majalisar jiha inda aka rantsar da Jefferson Davis shugaban 'yan awaren kudu a 1861, inda kuma gwamna George Wallace ya yi alwashin wariya har abada a 1963. Duk a titi ɗaya, tafiyar 'yan mintuna.

Malamar ta fara da gyara labarin da aka saba ji. Rosa Parks ba wata tsohuwa ba ce da gajiya ta hana tashi, shekararta 42, tela ce a wani babban kanti, kuma ta daɗe tana sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, ta san abin da take yi. Ba ma a kujerun farare ta zauna ba, a layin farko na bayansu ne, direba ya ce layin gaba ɗaya su tashi saboda farin mutum ɗaya ya zauna. Kafin ita an kama Claudette Colvin 'yar shekara 15 a watan Maris na shekarar. Tarar da aka ci Parks dala 10 ce da dala 4 kuɗin kotu. E.D. Nixon, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya je belinta, ita kuma Jo Ann Robinson malamar kwaleji ta kwana tana buga dubun-dubatar takardu a injin makaranta, kafin Litinin 5 ga wata sun shiga kowane gida. Buƙatunsu na farko ma ba a soke wariya ba ne, cewa suka yi direbobi su daina cin mutunci, baƙaƙe su cika daga baya farare daga gaba ba tare da an tashi kowa ba, a kuma ɗauki direbobi baƙaƙe a unguwanninsu. Hukuma ta ƙi ko wannan.

Sai tambayar da ni ban taɓa yi wa kaina ba, mutum dubbai masu aikin gida da leburori, ta yaya suka riƙa zuwa aiki har kwana 381 ba bas? Da farko masu tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutum a kan santi 10 daidai da kuɗin bas, hukuma ta tono dokar da ta ce tasi ba zai karɓi ƙasa da santi 45 ba. Sai aka haɗa motocin mutane wajen 300, da tashoshin ɗauka fiye da 40, da jadawalin safe da yamma, ma'aikatan gidan waya da suka san lungunan gari suka taimaka wajen zana hanyoyi. Coci-coci suka sayi dogayen motoci aka rubuta sunansu a jiki. Kamfanonin inshora na gari suka janye, aka nemo inshora daga Lloyd's na Landan. Wata mai girki Georgia Gilmore ta haɗa mata suna soya kaza suna gasa kek suna sayarwa, duk taro ta kawo kuɗin mai, kuma ba ta faɗin sunan waɗanda suka bayar don kada a kore su daga aiki. 'Yan sanda suka koma bin direbobin suna rubuta musu tara a kan abin da bai kai ya kawo ba, King kansa an kulle shi wai ya yi gudun mil 30 a wurin 25, ranar 30 ga Janairun 1956 aka jefa bam a gidansa, har yanzu akwai gurbin a daɓen baranda na tsuguna na taɓa shi. Da yawa kuma da ƙafa suka yi ta tafiya cikin sanyi da ruwa. Tunda baƙaƙe su ne kusan kashi 3 cikin 4 na fasinjoji, kamfanin bas ya rage hanyoyi ya ƙara kuɗi. A gefe guda lauya Fred Gray ya shigar da ƙara a kotun tarayya wadda ta gudana da sunan mata 4, Aurelia Browder da Susie McDonald da Mary Louise Smith da Colvin, kuma ranar 13 ga Nuwamban 1956, ranar da birnin ke kotu yana neman a haramta jigilar motocin, a ranar ce kotun ƙoli ta tabbatar wariyar bas ta saɓa tsarin mulki. Ita Parks da mijinta sun rasa aikinsu, a 1957 suka bar garin suka koma Detroit. Ainihin bas ɗin ma ba a Montgomery take ba, tana gidan tarihin Henry Ford a Michigan, kada ku je kuna nemanta.

Abin da tafiyar ba ta taɓa ba sai in ka matsa shi ne siyasar jam'iyyu da kuma arewacin ƙasar, kuma in ba a faɗe su ba mutum zai koma gida yana ɗauka wasu mugayen 'yan sanda ne kawai a Alabama. Wallace da Connor da Clark duk 'yan Dimokurat ne, kudu gaba ɗaya tasu ce tun bayan yaƙin basasa. Tsagewar ta fara a 1948 da shugaba Truman da jam'iyyar suka goyi bayan haƙƙin baƙaƙe, 'yan kudu suka ɓalle suka yi taronsu a Birmingham suka tsai da Strom Thurmond. A 1956 'yan majalisa 101 daga kudu suka sa hannu a takardar bijire wa hukuncin Brown. Dokar kare haƙƙi ta 1964, wadda ta haramta wariya a wuraren jama'a, sai da 'yan Rifablikan suka haɗa hannu da 'yan Dimokurat na arewa sannan aka karya turjiyar majalisar dattawa da ƙuri'a 71 da 29, amma a zaɓen wannan shekarar Barry Goldwater na Rifablikan wanda ya ƙi dokar ya cinye jihohi 5 na can ƙuryar kudu, a 1968 kuma Wallace ya tsaya da kansa ya ci jihohi 5. Sannan ga yaƙin cacar baka, Tarayyar Sobiyet na yaɗa hotunan karnukan Birmingham ga ƙasashen da ke samun 'yanci, wanda ya sa Washinton ta damu, a cikin gida kuma duk mai neman haƙƙi sai a ce ɗan gurguzu ne, hukumar FBI ta J. Edgar Hoover ta yi ta nadar wayoyin King. A arewa kuwa inda baƙaƙe wajen miliyan 6 suka yi hijira daga kudu, babu allon farare kaɗai a bakin ƙofa amma rancen gida mai garantin gwamnati ba ya isa unguwanninsu, sabbin rukunin gidaje irin Levittown da aka fara a 1947 ba a sayar musu, manyan titunan da dokar 1956 ta kawo kuma ta tsakiyar unguwanninsu aka bi da su, har a ita Montgomery ɗin. Da na jawo maganar a hanyar komawa malamar ta yi kusan rabin awa tana bayani, har ta kai ga hukuncin kotun ƙoli na 2013 a shari'ar gundumar Shelby da ke kusa da Birmingham wanda ya raunana dokar zaɓe ta 1965, ashe duk ta sani, rubutun kamfanin ne ba shi da shi.

Wurin tunawa da waɗanda aka kashe ta hanyar ɗaukar doka a hannu, wanda aka buɗe a Montgomery a 2018 mai ginshiƙan ƙarfe fiye da 800 a rataye, kowanne da sunan gunduma da sunayen mutanenta, yana cikin tafiyar amma an kai mu dab da rufewa, wurin kuma ba na sauri ba ne. Don haka kafin ku biya ku tambaye su a rubuce ƙarfe nawa ake isa can, ko ana tsayawa a Lowndes, ko kuɗin shiga gidajen tarihi na cikin farashin, don namu wasu sai da muka sake biya a ƙofa. Ku nemi sanin wa zai yi jagora, in ɗan asalin yankin ne mai shekaru ku ɗauka. Ku sa takalmi mai daɗin tafiya, ku guji watan Yuli da Agusta don zafin Alabama da gumi ba wasa ba ne, ku kuma riƙe 'yan daloli a hannu na ihsani ga jagora da direba, al'adar ƙasar ce kuma ba ya cikin kuɗin da kuka biya. Yara 'yan ƙasa da shekara 10 ban ba da shawarar a kai su cocin Birmingham da wurin ginshiƙan ba sai iyaye sun fara zama da su sun yi musu bayani a gida.